Yadda Ake Haɗa Shirye-shiryen Gwajin Firosesa Daga Kundin Umarni

A Sakkwato ba mu da masana'antar ƙera firosesa, amma zana shi da gwada shi ba sa jiran masana'anta. Laftof ɗaya da manhajojin kyauta sun wadatar. Ɗalibin kwamfuta ko na lantarki, ko a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yake, ko Jami'ar Jihar Sakkwato, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, yana iya zama a ɗakinsa ya rubuta ƙaramin firosesa na RISC-V da harshen Verilog. Rubutawar ba ta cika gagarar mutane ba. Inda ake tuntuɓe shi ne wajen tabbatar da cewa abin da aka rubuta yana bin ƙa'ida.

Masu farawa da suke nuna mini aikinsu kusan duk ɗaya cikin hanyoyi uku suke bi. Mutum zai rubuta ɗan shiri mai tara lambobi daga 1 zuwa 10, ya ga 55 ta fito, ya ce alhamdu lillahi an gama. Wannan shirin umarni huɗu ko biyar kawai ya taɓa cikin 40 na tushen RISC-V, kuma da ƙananan lambobi masu ladabi. Wani kuma zai rubuta gwaji da yawa, amma amsar da yake tsammani daga kansa ya ciro ta, kan nan dai da ya karanta kundin a karkace tun wajen zane. Na uku shi ne wanda ya ji labarin gwajin ƙuri'a, ya zuba umarni barkatai, kuskure ya bayyana sau ɗaya, ya nemi ya maimaita shi ya kasa.

Kada a raina lamarin. A 1994 wani malamin lissafi a Amurka, Thomas Nicely, ya gano firosesan Pentium na kamfanin Intel yana kuskuren rabawa. Idan aka raba 4195835 da 3145727, amsar gaskiya tana farawa da 1.33382, shi kuwa sai ya ba da 1.33373. Wasu 'yan gurabe ne aka bari babu komai a jadawalin da sashen rabawa yake dubawa. Canza wa jama'a kayan ya ci wa kamfanin dala miliyan 475. Kamfani mai tarin injiniyoyi ke nan. Sai an gwada akan san na ƙwarai, amma gwajin ma yana da ƙa'idarsa, kuma ƙa'idar ita ce: tambaya daga kundi take fitowa, amsa kuma daga wani alƙali wanda ba kai ba.

Kayan aiki

Kundin umarni. Juzu'i na ɗaya na kundin RISC-V, wanda ya yi bayanin umarnin da shiri na gama-gari yake amfani da su. An fara wannan tsari a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli a 2010, kuma kundin kyauta ne ga kowa. Bugun Disamba 2019 ya isa mai farawa. Ka rubuta lambar bugun da ka ɗauka a saman aikinka, domin akwai abubuwan da aka sauya wa wuri tsakanin bugu da bugu.

Ma'auni. Manhajar kwaikwayo wadda wasu suka rubuta kuma duniya ta yarda da ita. Spike ita ce aka fi sani. Akwai kuma samfurin Sail, wanda ƙungiyar RISC-V International ta ɗauka a matsayin bayanin ƙa'idojin da kwamfuta za ta iya gudanarwa.

Asembila da abokan aikinta na GNU masu fitar da lambobin RISC-V, har da objdump mai warware shiri ya nuna maka ainihin abin da ke ciki.

Verilator ko Icarus Verilog don gudanar da firosesanka, da GTKWave don kallon sigina.

Python don rubuta injin haɗa gwajin, da Git don adana kowane sauyi. Duk waɗannan sun fi sauƙin girkawa a kan Linux. Ka nemi kunshin asembila da aka riga aka haɗa, domin sauko da tushenta a gina daga farko yana cin data mai yawa da sa'o'i.

Mataki na 1: Kafa iyakar abin da firosesanka ya yi alkawari

Kafin ka rubuta layi ɗaya, ɗauki takarda ka amsa tambayoyi. RV32I, wato tushen umarnin RISC-V mai bit 32, kaɗai ka zana, ko har da ƙarin M na ninkawa da rabawa? Yana karɓar gajerun umarni masu bit 16? Daga wane adireshi yake farawa in an kunna shi? Ma'adanarsa daga ina zuwa ina? Me yake yi in ya gamu da umarnin da bai sani ba?

Dalilin wannan shi ne kundin bai yanke hukunci a kan komai ba. Akwai wuraren da ya bar wa mai zane zaɓi. Misali, ɗauko kalma mai bayit 4 daga adireshin da 4 ba ta raba shi daidai: wani firosesa yana yin aikin, wani yana katsewa ya kai ƙara, kuma duka biyun ba su saɓa ba. Idan ba ka rubuta naka zaɓin ba, injinka zai riƙa fitar da gwajin da ma'auni da firosesanka za su bambanta a kai alhali babu mai laifi, ka ɓata mako kana farautar kuskuren da babu shi.

Mataki na 2: Mayar da kundin ya zama jadawali

Kundin da harshen mutane aka rubuta shi, injinka kuwa jadawali yake fahimta. Kowane umarni ka ba shi layi guda: sunansa, siffarsa, tsayayyun bit ɗinsa, rajistocin da yake karantawa, wadda yake rubutawa, da iyakar lambar da yake ɗauke da ita a cikinsa. RV32I yana da siffofi shida: R, I, S, B, U da J.

Ga yadda layi yake kasancewa. ADDI: siffar I, bit bakwai na ƙasa 0010011, bit uku na tsakiya 000, yana karanta rajista ɗaya, yana rubuta ɗaya, lambar cikinsa daga -2048 zuwa 2047. ADD da SUB kuwa komai nasu ɗaya ne, 0110011 da 000, sai bit na 30 kaɗai ya raba su. Haka SRL da SRA. Wanda ya lura da wannan tun a jadawali ya riga ya san inda zai matsa wa sashen fassara umarni.

Gargaɗi mafi girma a wannan mataki: kada ka kwafo jadawalin daga fayil ɗin Verilog naka. Idan ka yi kuskuren bit ɗaya a can ka kwafo shi nan, gwaji da abin gwadawa za su yi baki ɗaya a kan ƙarya. Mai awo a kasuwar Kara da ya gwada tiyarsa da tiyarsa ba zai taɓa gano ta tawaya ba, sai an kawo ta wani. Ka cike jadawalin daga kundin kai tsaye, ko ka ɗauko shi daga ma'ajiyar riscv-opcodes inda aka jera tsayayyun bit na kowane umarni.

Kuma ka raba jadawalin da injin. Jadawali fayil ne daban, injin yana karanta shi. Ranar da za ka ƙara ninkawa da rabawa, layi takwas za ka ƙara a jadawali, ba sai ka sake rubuta injin ba.

Mataki na 3: Tono lungunan kowane umarni

A nan aikin yake, kuma a nan ya kamata ka daɗe. Umarnin ADD kaɗai, da lambobi biyu masu bit 32, yana da haɗuwa 2 sau kanta har sau 64. Ko da kana gwada biliyan ɗaya kowace daƙiƙa, sai ka shafe sama da shekara 580. Ba za a gwada duka ba, don haka dole a zaɓa, kuma kurakurai a gefe-gefe suke taruwa. Ka sake karanta bayanin kowane umarni da biro a hannu, duk jimlar da ta zo da sharaɗi ko togaciya ka ja mata layi. Kowace irin wannan jimla gwaji ce.

Fara da jerin lambobi na musamman waɗanda injin zai riƙa ɗebowa: 0, 1, 0xFFFFFFFF wato -1, 0x7FFFFFFF mafi girma, 0x80000000 mafi ƙanƙanta, 0x55555555 da 0xAAAAAAAA masu bit ɗaya bayan ɗaya, sai lambobin da bit guda kaɗai ke kunne a cikinsu. Daga nan ka bi umarnin:

Gusarwa. RV32I bit biyar na ƙasa kawai yake dubawa a rajistar da ta faɗi yawan gusawa. Idan rajistar tana ɗauke da 33, gusawa ɗaya za a yi. Sannan 0x80000000 in aka gusa ta dama sau 4, SRL zai ba da 0x08000000, SRA kuma 0xF8000000. Masu Verilog suna yawan faɗawa nan, domin alamar gusawa mai kiyaye alamar lamba ba ta aikinta sai an bayyana lambar a matsayin mai alama.

Kwatantawa. Tsakanin 0xFFFFFFFF da 1, SLT zai ce ta farko ce ƙarama domin -1 yake gani, SLTU kuwa zai ce ita ce babba. SLTIU yana da tasa dabara: yana shimfiɗa alamar lambar cikinsa tukuna, sannan ya kwatanta ba tare da alama ba.

Ɗaukowa. Bayit mai ɗauke da 0x80, LB zai mayar da shi 0xFFFFFF80, LBU kuma 0x00000080. A gwada wannan a duk gurabe huɗu na kalma, ba gurbin farko kaɗai ba.

Tsalle. JALR yana share bit na ƙasa na adireshin da ya lissafa. Kuma in rajistar da yake karantawa ita ce wadda zai rubuta adireshin komowa, tsohuwar ƙimarta zai yi tsalle da ita.

Rabawa. A RISC-V raba lamba da sifili ba ya jawo katsewa. DIV yana ba da -1, REM yana mayar da lambar da aka so rabawa. Raba 0x80000000 da -1 yana ba da 0x80000000, saura sifili. Wanda ya saba da firosesan laftof ɗinsa zai zaci katsewa za a yi, ya rubuta hakan a zanensa.

Rajistar x0. Kullum sifili ce, duk abin da aka rubuta mata zubarwa ake yi. Kada injinka ya guje ta. Ya rubuta mata, ya karanta ta.

Mataki na 4: Gina ƙashin shirin

Kowane shirin gwaji kashi uku ne: shimfiɗa, gangar jiki da rufewa.

A shimfiɗa, ka zuba wa rajista 31 ƙimar da aka sani, ka cika yankin bayanai da lambobin da aka sani. Kundin bai ce rajistoci sifili suke ba lokacin kunnawa. Idan ka karanta wadda ba ka zuba wa komai ba, ma'auni zai ba da sifili, firosesanka ya ba da wani abu, ka ɗauka kuskure ne.

Zuba lamba mai bit 32 yana da tarko. Ana yin sa da LUI da ADDI, amma lambar cikin ADDI mai alama ce. A ce kana son 0x12345FFF. In ka rubuta LUI da 0x12345 sannan ADDI da 0xFFF, wato -1, abin da za ka samu 0x12344FFF ne. Daidai shi ne LUI da 0x12346 sannan a rage 1. Ƙa'idar: duk lokacin da bit na 11 yake kunne, ƙara ɗaya a saman.

Ka ware rajista biyu ko uku da gangar jiki ba za ta rubuta musu ba: ɗaya ta riƙe farkon yankin bayanai, ɗaya ta ƙirga zagaye. Amma kada su zama rajistoci ɗaya a kowane shiri. In kullum x31 ce a ware, ba za a taɓa gwada rubuta mata ba. Injin ya sauya su daga shiri zuwa shiri.

A rufewa, shirin ya sanar cewa ya ƙare. Spike yana sa ido a kan wani gurbi mai suna tohost, rubuta 1 a cikinsa yana tsayar da shi. Ka sa madaurin gwajin firosesanka, wato shirin da yake gudanar da shi, ya kula da gurbin nan shi ma.

Ka kiyayi taimakon asembila. In ka ba ta dama za ta gajarta umarni zuwa bit 16, ko mai haɗa fayiloli ya sauya maka jerin umarni da wanda ya fi gajarta. Ka ba ta -march=rv32i da -mabi=ilp32, ka sa .option norvc da .option norelax a saman fayil, sannan ka buɗe sakamakon da objdump ka gani da idonka cewa abin da ka rubuta shi ya fito.

Mataki na 5: Ƙuri'a mai linzami

Yanzu injin zai cika gangar jiki da umarnin da ya zaɓa ta ƙuri'a. Amfanin ƙuri'a shi ne tana haɗa jerin da ba zai taɓa zuwa maka a rai ba. Illarta ita ce in aka sake ta ba linzami, a tsakiyar fili take yawo, ba ta shiga lungu. Damar lambobi biyu na ƙuri'a su zo daidai da juna ɗaya ce cikin sama da biliyan 4. Ma'ana, BEQ ɗinka zai gudana dubban lokuta ba tare da ya taɓa yin tsalle ba, kai kuwa kana murna an gwada shi.

Linzamin guda huɗu ne. Na farko, wajen zaɓen ƙima, kusan rabi ya fito daga jerin lambobi na musamman, sauran daga ƙuri'a. Na biyu, wani lokaci injin ya tilasta sharaɗi: kafin BEQ ya kwafe rajista ɗaya cikin ɗaya, kafin DIV ya mayar da mai rabawa sifili. Na uku, ya riƙa sabunta rajistoci bayan kowane ɗan zango, domin AND da gusarwa da SLT suna tatse lambobi su koma 0 da 1, kuma shirin da duk rajistocinsa suka zama sifili tafiya kawai yake yi, ba ya gwada komai.

Na huɗu ya shafi firosesa mai layin matakai, wanda yake fara umarni na gaba kafin na baya ya gama. A irin wannan, kurakurai sun fi zama a tsakanin umarni biyu maƙwabta. In kana zaɓe cikin rajista 32, da wuya umarni ya karanta abin da na gabansa ya rubuta yanzun nan. Ka taƙaita zaɓen zuwa rajista huɗu ko biyar a wasu shirye-shiryen, sai karo ya yawaita. Dubi waɗannan layuka biyu:

addi x0, x0, 5
add x1, x0, x0

Amsar x1 sifili ce. Amma sashen da yake miƙa sakamako kai tsaye daga mataki zuwa mataki, in bai keɓe x0 ba, zai ga an rubuta x0 kuma ana karanta x0, ya miƙa 5, x1 ta zama 10. Kowane ɗaya daga umarnin biyu shi kaɗai lafiya lau yake aiki. Haka LW da umarnin da ya biyo shi nan take yana buƙatar abin da aka ɗauko: a layi mai matakai biyar dole a dakata zagaye ɗaya.

Abu na ƙarshe a nan, wanda ba a sassauci a kansa: lambar iri. Injin ya karɓi lamba ɗaya a farko, duk ƙuri'arsa daga ita za ta tsiro, kuma a rubuta ta a sunan fayil ɗin. A Python, random.Random da lambar a ciki ya isa. Iri ɗaya, shiri ɗaya, yau ko baɗi. Kuskuren da ba za ka iya maimaitawa ba, ba za ka iya tabbatar da ka gyara shi ba.

Mataki na 6: Tsare ma'adana da tsalle

Umarnin ajiyewa da aka bar shi da adireshin ƙuri'a zai rubuta a kan shirin kansa ko a wajen ma'adana. Don haka duk ɗaukowa da ajiyewa su bi ta rajistar da ka ware, da tazarar da ba ta fita yankin bayanai, kuma adireshin ya dace da girman abin: kalma a kan ninkin 4, rabin kalma a kan ninkin 2. Yankin ya zama ƙarami da gangan, bayit 64 ko 128, don a yawaita ajiyewa da ɗaukowa a gurbi ɗaya. SB da LW a kalma ɗaya suna fallasa wanda ya juya jerin bayit, domin RISC-V ƙaramin bayit yake sawa a adireshin farko.

Tsalle kuwa, fara da na gaba kaɗai, zuwa alamar da injin ya dasa da kansa. Tsallen gaba ba ya haifar da zagaye marar ƙarewa. In za ka ƙara na baya, ka ɗaure shi da rajistar ƙirga wadda ba mai taɓa ta a cikin zagayen. Ka tuna tsallen sharaɗi bai wuce kimanin bayit 4096 gaba ko baya ba. Kuma ka gwada dogon tsalle kusa da wannan iyaka, domin a siffar B da J an warwatsa bit ɗin tazarar a wurare daban-daban na umarnin, kuma gajeren tsalle ba ya taɓa na saman. Duk da haka, ka sa wa kowane gudu iyakar zagaye. In ya wuce, a ƙirga shi cikin waɗanda suka faɗi.

Mataki na 7: Kwatanta sawu da sawu

Shiri ɗaya za a ba ma'auni da firosesanka. Hanya mai sauƙi ita ce a zube rajistoci a ma'adana a ƙarshe a kwatanta. Tana aiki, amma tana da rauni biyu: ƙimar da ta lalace a tsakiya wani umarni yana iya rubutawa a kanta kafin ƙarshe, kuma in an sami bambanci ba ka san inda ya faro ba.

Wadda ta fi ita ce kwatanta sawu. Kowane umarni da ya kammala ya bar layi: adireshinsa, lambarsa, rajistar da ya rubuta da ƙimar da ya rubuta. Spike yana fitar da wannan in ka ba shi --log-commits. Kai kuma ka sa madaurin gwajinka ya buga irinsa a daidai lokacin da umarni ya kammala, ba lokacin da aka ɗauko shi ba, domin wanda aka ɗauko bayan tsalle ana iya zubar da shi. Ɗan shirin Python zai bi layukan biyu ya tsaya a bambancin farko. Na farkon kaɗai ne abin dubawa, sauran 'ya'yansa ne.

Abu uku suna rikita masu farawa a nan. Spike yana fara gudu daga 0x1000, ya yi 'yan umarni nasa, sannan ya tsallaka 0x80000000 inda shirinka yake. Ka yar da waɗannan layukan farko. Kuma in ba ka ba shi --isa=rv32i ba, a matsayin mai bit 64 zai tashi. Haka nan kada ka kwatanta ƙimar agogon ƙirga zagaye, ba za su taɓa zuwa ɗaya ba, kuma kundin bai ce su zo ɗaya ba.

Mataki na 8: Gwada gwajin kansa

Shiri dubu sun wuce ba faɗuwa. Ko firosesanka ne mai kyau, ko gwajin ne makaho? Hanya biyu ake bi a sani.

Ta farko, ƙididdiga. Daga sawun ma'auni ka ƙirga: kowane umarni sau nawa ya gudana, kowace rajista an rubuta ta an karanta ta, kowane tsallen sharaɗi ya tafi kuma ya ƙi tafiya, kowane lungu da ka ja wa layi a mataki na 3 an shige shi. Daga sawu za ka ƙirga, ba daga rubutun shirin ba, domin umarnin da aka tsallake yana cikin fayil amma bai gudana ba. Duk gurbin da ya nuna sifili, ka koma ka gyara linzami ko ka rubuta masa gwaji da hannu.

Ta biyu, dasa kuskure da gangan. Ka kwafi firosesanka, ka mayar da SRA ya yi aikin SRL, ko ka cire togaciyar x0, ko ka hana LH shimfiɗa alama. Ka saki gwajin a kansa. In ya wuce lafiya, gwajinka ne ba shi da ido. Wannan ita ce hujjar da za ka nuna wa malamin da ke duba aikinka: ga kurakuran da na dasa, ga waɗanda aka kama.

Mataki na 9: In gwaji ya faɗi

Kada ka buɗe GTKWave a kan shiri mai umarni dubu biyar. Ka rage shi tukuna. Ka yanke duk abin da ya biyo bayan bambancin farko, sannan ka cire rabin abin da ya gabace shi ka sake gudanarwa. In kuskuren yana nan, ci gaba da ragewa, in ya ɓace, mayar da wannan rabin ka cire ɗayan. Sau da yawa layi uku ko huɗu za su rage.

Daga nan ka buɗe kundin kafin ka taɓa Verilog. Mai laifi yana iya zama firosesanka, ko injin da ya fitar da shirin da ya keta iyakar mataki na 1, ko saitin ma'auni. Kundin ne mai raba gardama. Babban zunubi a wannan sana'a shi ne mutum ya gyara gwaji don ya wuce. Bayan ka gyara, ka adana ɗan guntun shirin a jakar da za a riƙa gudanarwa bayan kowane sauyi, domin gyaran yau yakan tayar da kuskuren jiya.

Yanayinmu ma yana da hukunci a nan. Shirye-shirye gajeru masu yawa sun fi dogo guda ɗaya: in an ɗauke wuta a tsakiya, ɗaya kawai ka rasa. Injin ya rubuta lambar iri da sakamako a fayil bayan kowane gudu, don ya ci gaba daga inda ya tsaya. A zafin Afirilu da Mayu kuwa, lokacin da Sakkwato ke haura digiri 40, laftof yana rage gudu da kansa don kada ya ƙone. Ka bar dogon gudu sai dare, a kan tebur, ba a kan katifa ba.

Manyan kayan da ke gaba

Abin da ka gina a matakan nan shi ne ƙaramin siffar abin da manya suke yi. Cibiyar binciken IBM da ke Haifa ta fara haɗa gwaji daga samfurin kundi tun shekarun 1990 da injinta Genesys. MicroTESK, na Cibiyar Tsara Manhajoji ta Kwalejin Kimiyyar Rasha, yana karɓar bayanin umarni da harshen nML, mai gwaji kuma ya rubuta ƙirar gwajin da Ruby. Google ya saki riscv-dv kyauta, kuma akwai riscv-arch-test, tarin gwajin da ake auna dacewa da kundin da shi. Ka gudanar da na ƙarshen nan a kan firosesanka, amma ka sani bai san fasalin layin matakanka ba, don haka ba zai maye gurbin naka ba.

Shawarata ita ce kada ka fara da waɗannan manyan. Ka rubuta naka injin, ko da layi ɗari uku ne na Python, don ka san dalilin kowane linzami. Ka fara da ADDI da ADD da SUB a wannan makon, ka ga sawu biyu sun yi daidai, sannan ka ƙara umarni rukuni-rukuni. Malamai masu duba irin wannan aiki kuma ina roƙonku, in ɗalibi ya ce firosesansa yana aiki, ku tambaye shi abu uku: da wane ma'auni ya kwatanta, ina ƙididdigar abin da gwajin ya taɓa, kuma kurakurai nawa ya dasa aka kama. Wanda ya amsa ukun nan ya yi aiki. Allah ya ba da sa'a.